Auren Ƙarfe da Gilashi: Fitilun Ado na Birnin Nansi

Bahaushe ya raba ƙira gida biyu, akwai maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, akwai kuma maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. A wannan ɗan bayani za mu duba wani aiki ne da maƙeran baƙi na ƙasar Faransa suka haɗa hannu da masu hura gilashi suka yi, wato fitilun kan tebur na ado.

Asalin abin yaƙi ne. Bayan da Jamus ta ci Faransa a 1871, ta ƙwace lardin Alzas da wani yanki na Loren, sai mutane da yawa suka yi ƙaura zuwa birnin Nansi. Cikinsu akwai Jean Daum, wanda aikinsa rubuta takardun yarjejeniya ne, bai san komai ba game da gilashi. A 1878 wata masana'antar gilashi ta faɗo hannunsa, 'ya'yansa Auguste da Antonin ne kuwa suka mai da ita gidan kayan ado. A garin akwai Emile Galle, wanda ya riga su shahara, shi ne kuma ya shugabanci ƙungiyar masu sana'a ta Nansi da aka kafa a 1901.

Zuwan lantarki shi ya buɗe musu hanya. Fitilar kananzir tana bukatar iska da mafitar hayaƙi, tilas kuma harshen wutarta ya dubi sama. Ƙwan lantarki kuwa ba ruwansa, ana iya sunkuyar da shi kamar fure, ko a kife masa murfi mai siffar malafa. Murfin nan ake yi da gilashi hawa-hawa, kowane hawa da launinsa, sa'an nan a rufe wuraren da ake so su tsira, a bar ruwan asid ya cinye sauran. Da rana zane ne kawai na ganye ko mazari. Sai an kunna wuta launin da ke ƙasa yake bayyana.

To, amma gilashi ba ya tsayuwa da ƙafarsa. A nan maƙeri ya shigo. Louis Majorelle, wanda asali kafinta ne, ya buɗe maƙera a cikin masana'antarsa, yana yi wa gidan Daum gindin fitilu masu kama da reshe ko kara. Wanda ya fi kowa suna a ƙirar shi ne Edgar Brandt na birnin Faris (1880 zuwa 1960). Bai ji kunyar amfani da gudumar inji da walda ba, alhali ana ganin hannu da uwar maƙera su ne ƙira ta gaskiya. A ganina Brandt ne da gaskiya, domin injin ƙarfi kawai ya ba shi, lanƙwasar ganyen nan ido ne ya yi ta. Shi ya ƙera ƙyauren babbar ƙofar bajekolin Faris na 1925. Abin mamaki, mutumin nan da ke fitar da fure daga ƙarfe shi ne kuma ya tsara igwar nan mai harba harsashi sama da ake kira da sunansa, wadda sojojin ƙasashe da dama suka yi yaƙi da ita.

Matsalar mai saye a yau ita ce jabu. Gidan Daum yakan sa sunansa a jikin gilashin tare da gicciyen Loren mai sanda biyu, Brandt kuwa yakan buga nasa a jikin ƙarfen. Bayan rasuwar Galle a 1904, an ɗan jima ana sa tauraro kusa da sunansa. Duk waɗannan an kwaikwaye su. Akwai kuma wata ha'inci da ta fi wuyar ganewa: murfi ya fashe, sai dillali ya nemo wani tsoho na gaske ya ɗora a kan gindin da ba nasa ba. Don haka masana kan duba yadda bakin gilashin ya zauna a cikin ƙarfen kafin su duba sunan da ke jiki.