Ko Kun Sani?

Lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, alƙaluma 11 ce, kuma hukumar NIMC, wadda aka kafa a 2007, ita ke bayar da ita. A Disambar 2020, lokacin da Isa Ali Pantami, ɗan asalin Gombe, yake ministan sadarwa, gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa ta da layukan waya. Bayanan mai lambar, kamar zanen yatsu da hoton fuska, suna ajiye ne a manyan kwamfutoci na nesa, ana isa gare su ta intanet. Tsaronsu ya haɗa da matakai biyu: a tantance mai neman shiga, sannan a taƙaita abin da zai gani. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye su a wuyan duk mai riƙe da su.