Labarin George Stubbs, Baturen Da Ya San Doki Ciki Da Waje

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma mutanenta da na Kibiya ba baƙin doki ba ne. Ran hawan Salla dattijo ya kan hangi doki daga nesa ya ce wannan akawal ne, wancan kili, ga danda, ga bidi, ga hurde. In ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora sai ya faɗi shekarunsa. Wannan sani ne babba, amma na waje ne. A Ingila an yi wani mai zanen surar dawaki da karnuka, sunansa George Stubbs, wanda bai yarda ya tsaya ga waje ba, sai da ya san abin da ke ƙarƙashin fata.

An haife shi a Libaful cikin 1724, watau shekara 30 kafin haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ubansa mai gyaran fata ne, sana'a irin ta majema, saboda haka ya tashi cikin ƙirage da ƙasusuwa. Bai daɗe gaban wani gwani ba, yawancin zanen da kansa ya koya. Da ya zama saurayi ya tafi birnin Yok, ya koyi ilmin ginin jikin ɗan Adam a asibiti, har ya riƙa karantar da masu koyon likita. Cikin 1754 ya ziyarci birnin Rum, matattarar gwanayen zane, amma bai daɗe ba ya komo gida.

Cikin 1756 ya kama hayar wani gidan gona a ƙauyen Horkstow, ya zauna wata 18 ba ya aikin kome sai feɗe dawaki. Ga yadda ya kan yi. In an tsiyaye jinin doki, sai ya ɗura narkakken kitse ko kaki cikin jijiyoyi don kada su motse. Sa'an nan ya rataye gawar da ƙugiyoyi jikin wani ƙarfe da ya kafa a rufin ɗaki, ƙafafunta bisa katako, ta tsaya kamar mai rai. Ya cire fata ya zana abin da ya gani, ya ɗauke tsoka ta fari ya zana ta ƙarƙashinta, haka bi da bi har ya kai ga ƙashi. Gawa guda ta kan yi makonni a rataye. Wanda ya taɓa wuce mushen jaki da bazara ya san irin abin da mutumin nan ya jure.

Da ya gama ya kai zanen Landan, ya nemi masu sassaƙa zane jikin farantin tagulla don a buga, bai sami wanda ya karɓa ba. Sai ya ɗauki aikin da kansa, da rana yana zanen da zai ci abinci, da asuba da dare yana sassaƙa. Littafin nan na bayanin ginin jikin doki bai fito ba sai 1766, shekara 10 bayan fara aikin. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tun kafin littafin ya fito manyan Ingila suka gane hannunsa ya bambanta. Wani basarake da a ke kira Rockingham, wanda ya yi Firayim Minista sau biyu, ya sa shi ya zana dokinsa na sukuwa mai suna Whistlejacket, wajen 1762. Dokin ja ne, gezarsa da wutsiyarsa masu haske, jikan wani ingarma ne na Larabawa da a ke kira Godolphin, ɗaya daga cikin ingarmu uku da dawakin sukuwar Ingila suka samo asali. Stubbs ya zana shi a tsaye bisa ƙafafun baya, girmansa kusan na mai rai, ba mahayi, ba sirdi, ba linzami, ba ko itace a bayansa. Tsayin hoton ya fi ƙafa 9, faɗinsa ƙafa 8. Cikin 1997 babban gidan ajiye zane na Landan ya saye shi fam miliyan 11.

Karnuka ma ya ba su haƙƙinsu. Ya zana karnukan farauta na sarakunan ƙasar, kowane da siffarsa da halinsa, yadda maigidansa zai gan shi ya kira sunansa. Mafarautan duwatsun Rano za su gane wannan, gama su ma ba su ɗaukar karnukansu kamar ɗaya. Ya zana jakin dawa, da zaki, da karkanda. Yana da shekara fiye da 70 ya fara wani littafi na gwada jikin mutum da na damisar Hindiya da na kaza, ajali ya riske shi a Landan cikin 1806 bai ƙare ba.

To, mai karatu zai tambaya, ina hukuncin wannan sana'a? Malaman Malikiyya sun rarrabe. Surar abu mai rai, in tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta cikakku, kamar gunki, haramun ce. Wadda a ke zanawa a takarda ko ƙyalle ba ta kai haramun ba, sun ce makaruhi ce in an ɗaukaka ta, barinta ya fi in ana wulakanta ta. Waɗansu malamai na sauran mazhabobi sun hana duka. Amma zanen da likitan mutane ko na dabbobi zai koyi aiki da shi, malamai da yawa na wannan zamani sun yi rangwame a kansa don bukata. Dabbobin kansu kuwa Alƙur'ani ya ambace su: dawaki a Suratul Adiyati, kare a ƙissar Ashabul Kahfi, dabbar farauta da aka horar a Suratul Ma'ida.

Abin lura cikin labarin nan shi ne tsarin aikinsa, ilmi tukuna sa'an nan hannu. Hanyar makarantar allo ke nan. Kolo ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi haddatu, ya wanke allo sau dubbai, sa'an nan bayan shekaru ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka a kira shi alaramma. Baduku mai ɗinkin kayan doki, da maƙeri mai ƙirar linzami da likkafa, da mai sassaƙa sirdi, duk ƙa'idarsu ɗaya. Sirdin da aka yi ba da sanin bayan doki ba, gyambo ya kan jawo, ko da an lulluɓe shi da jalala mai tsada. Yaron da ya bar gaban malaminsa ko maigidansa tun aiki bai zauna masa ba, don gaggawar samun kuɗi, kansa ya cuta, ya kuma cuci wanda zai ba shi aiki.

Iyaye da malamai da masu sana'a, sai a riƙe yara har su nuna. Allah Ya ba da ilmi mai amfani, Ya sa a dace, amin.