Siririyar Waya: Me Aka Cire Kafin Ta Rame?

A watan Satumba na 2025 kamfanin Apple ya fitar da iPhone Air, waya mai kaurin milimita 5.6 da nauyin giram 165. Wata huɗu kafin nan Samsung ya riga shi da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8. Tecno ma, wanda ya fi su shiga hannun jama'a a kasuwanninmu, bai zauna ba, ya kawo Spark Slim mai milimita 5.93. Fensirin katako da yaro ke zuwa makaranta da shi kaurinsa ya kai milimita 7, ka ga duk ukun sun fi shi sirantaka. iPhone ta farko da ta fito a 2007 kuwa kaurinta milimita 11.6 ne, ninki biyu na iPhone Air. Duk wanda ya riƙe irin waɗannan wayoyi zai yaba. Sai dai cikin waya tamkar ɗakin amarya ne da aka cika da kaya: in aka rage faɗin ɗakin, dole wani abu ya fita. Mai saye ya kamata ya san abin da aka fitar.

Wannan gasa ta daɗe. Tun 2004 Motorola ya yi suna da Razr V3 saboda sirantakarta. A 2014 abin ya kai ƙololuwa, lokacin da kamfanonin China suka shiga rige-rige: Oppo R5 ta zo da milimita 4.85, Vivo X5Max ta sauko zuwa 4.75. Duka biyun batirinsu mAh 2,000 ne kacal. A shekarar ce kuma aka yi ta ƙorafin iPhone 6 Plus, mai gangar jikin alminiyom, tana lanƙwashewa a aljihun wando. Daga nan kamfanoni suka ja da baya, manyan wayoyi suka koma wajen milimita 8, har zuwa wannan sabon zagaye.

Abin da ya sa aka iya dawowa shi ne sassan waya sun ƙara ƙanƙancewa. Fuskar waya irin ta da, wato LCD, sai an shimfiɗa mata fitila a baya. Ta OLED kuwa kowane ɗigo shi yake ba da haskensa, don haka an huta da wannan shimfiɗa. Fanel ɗin waya, inda ƙwaƙwalwarta take, yanzu ana ɗora shi hawa-hawa kamar bene. A iPhone Air an tattara kyamara da lasifika da yawancin kayan aikin a cikin tudun da ke saman bayanta, aka bar wa batir sauran filin.

Duk da wannan dabara, batir ne ya fi shan wahala, domin shi ne ya fi komai cin wuri, kuma yawan wutar da yake riƙewa ya dogara da girmansa. Wayoyin Samsung biyu sun isa misali. Galaxy S25+ da S25 Edge fuskarsu ɗaya, inci 6.7. Ta farko kaurinta milimita 7.3, batirinta mAh 4,900. Ta biyu milimita 5.8, batirinta mAh 3,900. Rage milimita ɗaya da rabi ya tafi da kashi ɗaya cikin biyar na wutar. Batirin iPhone Air mAh 3,149 ne, kuma tare da ita Apple ya fitar da wani batir na daban da ake mannawa a bayanta da maganaɗisu, wanda da zarar an manna shi sirantakar ta tafi. Tecno ya yi ƙoƙari a nan, don ya cusa mAh 5,160 a Spark Slim, amma ƙwaƙwalwarta ta matsakaiciyar waya ce. Wasu kamfanonin China irin su Honor da Xiaomi sun koma batir mai haɗin silikon, wanda ke ɗaukar wuta fiye da na da a cikin wuri iri ɗaya. Matse batir kuma yana da haɗarinsa. Yana ɗan kumbura lokacin caji, don haka yana buƙatar sarari. A 2016 wayoyin Galaxy Note 7 suka riƙa kamawa da wuta har aka janye su daga kasuwa, binciken Samsung ya nuna cewa ɗaya daga cikin dalilan shi ne an matse kusurwar batirin a cikin kwansonsa.

Kyamara ita ce ta ƙi ramewa. Dole a bar tazara tsakanin gilasanta da idon da ke karɓar haske, kuma mafi girman idon, mafi tsawon tazarar. Shi ya sa take tudu a bayan waya. Adadin da ake tallatawa awon gangar jiki ne, ban da tudun. A daidai kyamarar iPhone Air kaurin ya kusa ninkawa, in ka ajiye ta a tebur ma ba ta kwantawa daidai. An kuma rage yawan kyamarorin: iPhone Air ɗaya gare ta a baya mai megafiksel 48, S25 Edge biyu gare ta, babu ta zuƙo abu daga nesa.

Sai zafi. Ƙwaƙwalwar babbar waya tana ɗumi in tana aiki mai nauyi, kamar wasa ko ɗaukar bidiyo. Wasu manyan wayoyi suna da wani siririn faranti mai ɗan ruwa a ciki, wanda ke kwashe zafin ya baza shi. iPhone 17 Pro tana da shi, iPhone Air ba ta da shi. In zafi ya taru, waya da kanta take rage gudu da hasken fuskarta. Apple ya ce a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyos. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya san cewa a watan Afrilu zafin rana yana haura 40, kuma zafi yana tsufar da batir da wuri.

Game da ƙarfi, ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce in aka raba kaurin faranti biyu, juriyarsa ga lanƙwasa tana raguwa sau takwas. Apple da Samsung sun yi wa siraran wayoyinsu firam na taitaniyom, wanda ya fi alminiyom tauri, ya kuma fi shi tsada.

Akwai ƙananan abubuwa da suka salwanta a hanya. Ramin iyafis kaɗai faɗinsa milimita 3.5 ne, Oppo R5 ta jefar da shi tun 2014, shekara biyu kafin iPhone 7. iPhone Air lasifika ɗaya gare ta. Ba ta kuma da gidan sim a ko'ina cikin duniya, sai eSIM, layin da kamfanin sadarwa ke ɗora wa waya ba tare da kati ba. MTN da Airtel suna ba da shi a Najeriya, amma wanda ya saba in caji ya ƙare ya zare layinsa ya sa a ƙaramar waya, wannan hanya ta toshe masa.

Sirantaka tana da daɗinta na gaskiya. Giram 163 na S25 Edge da giram 218 na S25 Ultra ba ɗaya ba ne ga hannun da ke riƙe da waya tun safe har dare. Wanda wuta ba ta yanke masa, kuma hoton nesa bai dame shi ba, zai more ta. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Mai yawan tafiya, ko wanda ke kai wayarsa shagon caji, batir ne ya fi masa komai. In ka shiga Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, mai shago ya miƙo maka siririya, ka tambayi girman batirinta, ka duba ko tana cin sim, ka ƙirga kyamarorinta. Sannan ka sa mata rigar da za ka riƙa yawo da ita, ka sake riƙe ta, domin wannan kaurin ne za ka zauna da shi.