GUMAKAN NOK: SIFFA TA TSIRA, SUNA YA ƁACE

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jihar Andhra Pradesh, akwai wani babban ɗakin bauta na mabiya addinin Hindu bisa duwatsun Tirumala, kusa da birnin Tirupati. A can ciki akwai gunki na baƙin dutse a tsaye wanda suke kira Venkateswara, watau ɗaya daga cikin siffofin Vishnu a wurinsu. Dubban mutane ke hawa duwatsun nan kowace rana don su gan shi, da yawa kuma su kan aske kansu su bar gashin wurin domin cika alkawari. An san sunansa, an san masu yi masa hidima, har kyautar da sarakuna irin su Krishnadevaraya suka kawo masa a ƙarni na 16 tana rubuce a jikin bango, domin hidimarsa ta wuce daga hannu zuwa hannu shekaru aru-aru.

A nan Nijeriya kuwa, a ƙauyen Nok na ƙasar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, akwai siffofin yumɓu da suka girme wa wancan ɗakin bauta nesa ba kusa ba, amma babu wani mahaluki da ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu.

A cikin shekarar 1928 ne masu haƙar kuza a ƙarƙashin wani Bature, Kanar Dent Young, suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu kusa da Nok, aka kai shi Jos aka ajiye. A 1943 aka sake samun wani kan a wajen Jama'a, kusa da Kafanchan. Akawun da ya same shi sai ya kafa shi bisa mutum-mutumi a gonar doyarsa don korar ɓarna, har ya shekara a can kafin a kai shi wurin Bernard Fagg, wani ma'aikacin mulki wanda ya karanta ilmin tonon kayan tarihi. Shi ne ya lura da kamar da ke tsakanin kawunan biyu, ya raɗa wa masu aikin sunan ƙauyen Nok. Shi ne kuma ya tsaya har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗaya ba zai kasa gane sauran ba. Kai babba ne, ya rinjayi jiki, idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso da tsakiyoyi da mundaye birjik. Cikinsu rami ne, domin ginin tukunya aka yi musu kafin a gasa. Waɗansu suna nuna masu ciwo, kamar tundurmi, waɗansu kuma rabi mutum rabi dabba ne.

Tonon da aka yi a Taruga cikin shekarun 1960 ya fito da muraren narkar da tama, abin da ya nuna mutanen sun iya ƙira tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, a ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, sun haɗa hannu da hukumar kayan tarihi ta ƙasa suka tona kufai masu yawa. Bincikensu ya nuna al'ummar ta fara zama kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, siffofin kuwa sun bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Manoma ne na gero da wake, suna cin atili, kuma a 2021 aka tabbatar da alamar kakin zuma a jikin tukwanensu.

To, shin bauta musu aka yi, ko kuwa surar kakanni ce? Kusan duk waɗanda aka tono a mazauninsu a farfashe suke, an tara guntayen cikin ramuka, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyoyin dutse waɗanda masanan suke ɗauka kaburbura ne, ko da yake ƙasar wurin ta cinye ƙasusuwa. Wannan ya sa suka karkata ga cewa siffofin suna da alaƙa da jana'iza da girmama magabata. Abin mamaki, a Kano littafin tarihin garin ya adana sunan Tsumburbura da na Barbushe mai yi mata hidima a Dala, amma babu siffarta. A Nok siffar ce ta tsira, sunan ya ɓace.

Amsar tana kwance cikin ƙasa, ƙasar kuwa ana ta birkita ta. Tun cikin shekarun 1990 masu tonon sata suka afka wa kufan nan, dillalai suna saye da arha suna fitarwa Turai. A shekarar 2000 aka baje waɗansu siffofin Nok a gidan Louvre na Faris, aka yi ta ka-ce-na-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, ta riƙe su aro na shekara 25. Sai dai ko an dawo da siffa, ba a dawo da ramin da ta fito. Gawayin da za a auna shekaru da shi, da tukunyar da ke gefenta, da yadda aka kwantar da ita, duk sun tafi ke nan da saran diga ɗaya.

Saboda haka ya wajaba hukumar kayan tarihi, wadda aka kafa da doka a 1979, ta ƙarfafa gidan ajiyarta na Nok, ta jawo Kpop Ham da ke Kwoi da dagatai da malaman makaranta cikin aikin tsaro. Manomin da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu ya bar shi inda yake ya kai rahoto, hukuma kuma ta saka masa, domin da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Kuɗin dillali ba ya kai kaka, amma kufan da aka tone ya tonu har abada.