Me Ke Sa Yarinya Ta Fara Magana Sannan Ta Daina?

TAMBAYA: Wani manomi daga ƙasar Gumel ya rubuto yana cewa: "Don Allah me ke sa yarinya ta fara magana da wasa, sannan ta daina, ta koma murza hannuwa wuni guda? Wasu sun ce iskoki ne."

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan taɓa ƙwaƙwalwa, don haka likita ne kaɗai zai tantance. Amma alamun da ka zana sun yi kama da ciwon Rett, wanda likitan ƙasar Ostiriya, Andreas Rett, ya bayyana a 1966.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da dubban umarnin gado, amma ba dukansu ke aiki lokaci guda ba. Akwai wani sinadarin furotin, MeCP2, mai yawa a ƙwaƙwalwa, da ke tsara su. Aikinsa kamar na mai ban-ruwa ne a lambu, ya buɗe wa wannan fangali ruwa, ya toshe wancan. In ya lalace, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba sa mutuwa, sai dai su tsumbure, saƙo ya kasa wucewa tsakaninsu yadda ya kamata. A 1999 ne Dokta Huda Zoghbi, 'yar asalin Labanon mai bincike a Amurka, ta gano cewa nan matsalar take.

Ciwon kan sami kamar yarinya 1 cikin 10,000. Ana haifar ta lafiya lau, sai tsakanin wata 6 zuwa 18 ci gaba ya tsaya, daga baya magana da riƙon hannu su tafi. Sau da yawa farfaɗiya da rikicewar numfashi kan biyo baya. Kusan kullum tangarɗar sabuwa ce, ba gado ba. Saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi, kuma ba a ɗaukarsa.

Maganin warkewa dai ba a samu ba tukuna. Amma a 2007 masana a Edinbura sun maido da sinadarin a jikin ɓeraye masu ciwon, suka murmure, a 2023 kuma Amurka ta amince da maganin farko mai rage alamunsa.

Shawararmu, a kai ta babban asibiti wajen likitan yara. Akwai maganin farfaɗiya, akwai motsa gaɓoɓi, a kuma kula da abincinta. A riƙa yi mata hira, don irin waɗannan yara da ido suke amsawa. Allah ya ba ta lafiya, amin.