Daga Kwano Zuwa Gona: Koyar da Yaran Zangon Akra Amfanin Gona

1.0 Gabatarwa

Yawancin littattafan firamare da ke koyar da amfanin gona, na Hausa da na Turanci, hanya ɗaya suke bi. Sukan fara da sharar gona, sai shuka, sai noma, sai girbi, a shafin ƙarshe kuma a nuna tuwo a kwano. Wannan tsari ya dace da yaron Bichi ko na Tibiri, wanda tun yana goye ake zuwa gona da shi. Sai dai akwai wani yaro mai jin Hausa wanda bai taɓa ganin gero a tsaye ba, ko da yake kusan kullum da kokon gero yake karya kumallo. Shi ne yaron Kotobabi da Nima da Maamobi a birnin Akra na ƙasar Gana. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda za a juya tsarin domin irin wannan yaro, wato a fara daga kwanon da ya sani, a bi ta kasuwa, sannan a isa ga tsiro. An rubuta ta ne domin ɗaliban harshe, musamman waɗanda za su yi aikin koyarwa ko tattara kalmomi a zangunan Gana.

2.0 Yaron da Harshensa

Nima ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun mutanen Osu. A wancan zamani wurin makiyaya ce da gonaki. A yau ita da maƙwabtanta Maamobi da Kotobabi suna cikin unguwannin da suka fi cunkoso a Akra, gida na jingine da gida, filin da ya rage kuwa na ƙwallo ne. Mazauna sun haɗa da Hausawa, Dagomba, Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Fulani, Ga, Ewe da Akan, kuma Hausa ce ke haɗa mafi yawansu a lungu da kasuwa da masallaci.

A makarantar boko labarin daban ne. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta zaɓa domin koyarwa, irin su Twi, Fante, Ewe, Ga, Dagbani da Gonja. Manufar harshe ma ta sha juyawa. A shekarar 2002 an mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga aji ɗaya, a 2007 kuma aka dawo da harsunan gida a ƙananan azuzuwa. Ko an juya ko ba a juya ba, yaron zango bai ci riba sosai ba, domin harshen gidan da yakan tarar a ajin Akra Ga ne ko Twi. Sakamakon haka yakan haddace sunan gero da Turanci, ya rubuta shi daidai a jarrabawa, ba tare da ya san cewa abin da Hajiya ke damawa a bakin titi ake nufi ba. Suna yana aji, abin yana ciki, ba wanda ya gama su.

3.0 Matakin Farko: Kwano

Dalilin farawa da abinci shi ne, a Gana sunayen abincin titi sun riƙe Hausa fiye da yadda gona ta riƙe ta. Ko wanda bai iya gaisuwa da Hausa ba ya san koose da kulikuli da dawadawa da fula, wato ƙosai da ƙuliƙuli da daddawa da fura. Omo tuo kuwa rabi Twi ne rabi Hausa, kalmar shinkafa ta Twi ce aka haɗa da tuwo. Ashe yaro ya shigo aji da ƙamus a bakinsa, aikin malami kawai ya buɗe masa shi.

Waakye ya fi kowane abinci dacewa da darasin farko. Sunan ya fito daga "shinkafa da wake", aka yar da farkon aka riƙe ƙarshen. Malama za ta iya farawa kamar haka:

Malama: Me kuka ci da safe?
Yaro: Waakye, Malama.
Malama: Me da me ke ciki?
Yaro: Shinkafa da wake.
Malama: To shinkafa fara ce, wake fari ne. Wa ya mayar da su ja?

A nan ne aji kan yi tsit, daga baya wata yarinya ta ce ganye ne ake sawa. Ganyen nan da ake sayarwa ƙulli-ƙulli a kasuwa busasshen kuben ganyen wata irin jar dawa ne, wadda a ƙasar Hausa ake kira karan dafi. Idan aka tafasa shi da kanwa sai ruwan ya rine ya yi ja wur. Da wannan karan dafi ne majema a Kano da Sakkwato suka daɗe suna rina fatar akuya ja, fatar da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Ke nan a kwano guda yaro ya haɗu da tsirrai uku, ya kuma gane cewa amfanin dawa bai tsaya ga tuwo ba. Daga nan sai a ci gaba: karanta ana yin danga da zana da shi, ana hura wuta, tokarsa ana tacewa a sa a miya, dusarta kuma ta tumakin da ake turkewa kafin Babbar Salla ce. Wannan na ƙarshe yaron Nima ya san shi sarai.

Koko shi ne na biyu, kuma a ganina ya fi waakye amfani ga mai nazarin harshe, saboda aikatau da ke tattare da shi. Ana jiƙa gero, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a tsiyaye ruwan, a dama gasarar. Ƙosan da ke raka shi kuma sai an surfa wake, an markaɗa, an buga, an soya. Duk waɗannan kalmomi suna raye a gidajen zango, domin mata suna aikin da su kowace asuba. Waɗanda ke mutuwa su ne na kafin hatsi ya shiga buhu: zangarniya, dami, rumbu, sussuka, shiƙa, ƙaiƙayi. Hasarar ba ƙarama ba ce. Yaron da bai san shiƙa ba, in ya ji kakarsa ta ce "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya", sauti kawai ya ji. Haka nan "kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada". Zangarniyar gero guda ɗaya da faifai sun isa a nuna shiƙa a tsakar makaranta cikin minti biyar, iska ce za ta fassara karin maganar.

Tuo zaafi yana buƙatar ɗan lura. A Akra galibi da garin masara ake tuƙa shi, a haɗa da garin rogo, alhali a Bolgatanga da Bawku na gero ko dawa ne asali. Miyarsa ta ayoyo ita ce lalo a bakin Bakano. Kada malami ya ce wa yara tuwon dawa suke ci ba tare da ya tambayi mai tuƙawa ba.

4.0 Mataki na Biyu: Kasuwa

Kasuwar Nima tana ci ranar Laraba, ta Malam Atta kuma ba ta da nisa da Kotobabi. Ba lalle a kwashi aji duka a kai su ba, cunkoson ba zai bari ba. Ya isa a ba kowane yaro aikin gida, ya je wurin mai hatsi ya gaishe shi, ya yi tambaya biyu: "Baba, mene ne sunan wannan?" da "Daga ina aka kawo shi?" Ya dawo da ɗan ƙwayoyi a ƙullin takarda.

Amsoshin za su zana taswirar ƙasar da kansu. Gero daga can arewa, wajen Bawku da Bolgatanga. Masara daga Techiman da Ejura. Doya daga Atebubu da Kintampo da ƙasar Konkomba. Man kaɗe da kalwa daga Tamale da Wa. Tumatir sau da yawa daga Burkina Faso. Albasa kuwa mafi yawanta daga Nijar take zuwa, irin ta Galmi, kuma tun 2021 aka tashi babbar kasuwarta daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku. Ga yaran zango wannan ba darasin labarin ƙasa kawai ba ne, domin garuruwan da mai hatsi zai ambata su ne garuruwan kakanninsu. Goro ma yana da nasa labarin, shi ne ya fara kawo Hausawa ƙasar Gwanja, kuma yaƙin basasar Salaga na 1892 ne ya watsa fatake da yawa zuwa kudu, wasu zangunan suka cika da su. Haka kuma a kasuwa ne yaro zai gane cewa awo ma yana da harshe: abin da Bakano ke aunawa da mudu ko tiya, a Akra da olonka ake auna shi.

Ana iya ƙara wa manyan azuzuwa bayanin asali. Gero, dawa, wake da gurjiya 'yan Afirka ne. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono da koko na cakulan daga nahiyar Amurka suka zo bayan shekarar 1500. Kowane ɗan makarantar Gana ya san Tetteh Quarshie da ya dawo da irin koko daga Fernando Po a 1879, amma kaɗan ne suka san cewa masara da rogon da ake yin banku da su ma baƙi ne.

5.0 Mataki na Uku: Gwangwani

Rashin fili ba hujja ba ne. Gwangwanin tumatir babba da aka huda ƙasansa, ko buhun shinkafa da aka cika da ƙasa, ya wadatar. Wake da gero sukan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, masara ta ɗan fi haka. Abin da ya kamata a guje masa shi ne shuka komai da komai. Uku sun isa, kuma kowanne da abin da zai koyar.

Wake ne na farko, domin wasu irinsa sukan nuna cikin kwana 60 zuwa 70. In aka tuge guda ɗaya bayan wata guda za a ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwarsa. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin tsiro, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa manomin Kano ke shuka wake a tsakanin gero, ban da harawar da zai samu. Gyaɗa ce ta biyu, saboda abin mamakin da ke gare ta: fure take yi a sama, sannan ta miƙa wani siririn tsinke ya shige ƙasa, ƙwanson ya girma a can. Yara da yawa, har da manya, suna zaton a jikin saiwa take fitowa kamar dankali. Na uku rogo ne, wanda ba a shuka ƙwayarsa, sandarsa ake yankawa a dasa. Ba zai nuna a zangon karatu ɗaya ba, kusan shekara yake ɗauka, amma da shi ne za a bayyana cewa rogo mai ɗaci yana da guba, kuma gurzawa da matsewa da soyawar da ake yi wa gari ba don daɗi kawai ba ne. Wannan bayani na iya tsare lafiyar wani.

Batun yanayi ma sai an yi hattara. Bazara, damina, kaka da rani sun dace da Kano da Maraɗi da Tamale, inda damina ɗaya ce. Akra damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Idan malami ya karanto wa yara cewa a watan Agusta ruwa ya fi yawa, za su dubi taga su ga ba haka ba ne, daga nan kuma su daina yarda da littafin.

6.0 Gyara ko Kwatantawa?

Ɗalibin da ya koyi daidaitacciyar Hausa a jami'a yakan shiga zango da jan biro a zuciyarsa. Zai ji yaro ya ce gyada da kubewa, domin Hausar Gana ta sassauta ɗ da ɓ da ƙ. Zai ji "dawa ne" da "shinkafan Hajiya", domin bambancin jinsi ya kusa ɓacewa. Shawarata ita ce ya rubuta abin da yaron ya faɗa a gefe ɗaya na allo, na Kano a ɗaya gefen, ya bar yaran su gano bambancin. Wanda aka kunyata a kan sunan abincin gidansu ba zai sake ɗaga hannu ba. Bayan haka, ita kanta ƙasar Hausa ba baki ɗaya take magana ba. Kuɓewar Kano guro ce a Sakkwato da Maraɗi, gujiya a can gyaɗa ce, alhali gurjiya a Kano ita ce abin da su suke kira kwaruru, mutanen Ga kuma su dafa ta su ce aboboi.

Duk da haka sunayen amfanin gona suna da daɗin koyar da jinsi, saboda sun rabu sarai: gero, wake, rogo, dankali maza ne, dawa, masara, shinkafa, gyaɗa, doya, albasa mata. Sai a ce geron Bawku amma masarar Techiman, waken Tamale amma albasar Galmi. Haka nan ƙ tana samun hujjarta ba tare da dogon bayani ba, da zarar yaro ya ga cewa ita kaɗai ce a rubuce ta raba wake da waƙe, ta kuma raba kokon da ake sha da ƙoƙon da ake sha a ciki. Lokacin da nake karatu a Turai na ga ɗalibai masu iya sanya wa gero da maiwa alamar karin sauti daidai, amma in an ajiye musu zangarniyoyin biyu ba za su rarrabe ba. Matsalarsu da ta yaron Kotobabi 'yan uwan juna ne, sai dai shi ya fi su da ɗanɗano.

Game da lokaci kuwa, Ranar Manoma ta Gana, wadda aka fara a 1985 bayan fari da gobarar daji da yunwar 1983, galibi ranar Juma'ar farko ta Disamba ake yin ta. Waken da aka shuka a gwangwani a tsakiyar Satumba, da ruwan ƙaramar damina, zai bushe kafin ranar. In gwangwanayen sun kai talatin, abin da za a ɓare ya isa a kai wa mai ƙosai ta bakin makaranta ta haɗa da nata ta soya wa ajin.