Kimiyya da Fasaha: Wasa da Waƙa a Ajin Koyon Sifaniyanci

 Yau za mu leƙa ajin koyon harshen Sifaniyanci, harshen da mutane kusan miliyan 500 suka tashi da shi a baki. Idan kana da yaro a makarantar sakandare a Amurka, ko Ingila, ko Kamaru da ke maƙwabtaka da Equatorial Guinea, mai yiwuwa yana fama da shi yanzu haka. A Birtaniya ma, a shekarar 2025 Sifaniyanci ya sha gaban Faransanci wajen yawan masu zana shi a jarrabawar GCSE. To amma sau da yawa yaro zai yi shekara uku a aji, ya fito bai iya tambayar kuɗin burodi ba. Ina gizo ke saƙar?

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Harry Bahrick, ya jarraba mutum 733 da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, wasunsu shekaru 50 da suka shige. Sakamakon da ya wallafa a 1984 ya nuna cewa mantuwa takan yi ɓarna ne a shekaru uku zuwa shida na farko, daga nan abin da ya rage yakan zauna daram har gomman shekaru. Kuma yawan abin da ke ragewa ya danganta ne da zurfin koyon farko. Ke nan haddar daren jarrabawa ba ta kai mutum ko'ina.

To me ke sa kalma ta kama? A 2008 mujallar Science ta buga binciken Jeffrey Karpicke da Henry Roediger. Sun ba ɗalibai kalmomin Swahili 40 su koya. Bayan mako guda, waɗanda aka riƙa yi wa tambaya suna lalubo amsa da kansu sun tuna kimanin kashi 80 cikin ɗari. Waɗanda aka daina tambaya, ko da sun ci gaba da bitar takardar, ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ba. Mai sauraro, a nan amfanin wasa yake. Kacici-kacici, ko gasar rukuni biyu, ko ɗan wasan kwaikwayo na ciniki a kasuwa, duk jarrabawa ce wadda aka cire wa fargaba. Yaro na ƙoƙarin tuno kalma don rukuninsu ya ci, bai ma san aiki yake yi ba.

Tun a shekarun 1960 James Asher na jami'ar San José a California ya fito da salon koyarwa da motsa jiki. Malami zai ce "levántate", kowa ya miƙe. Ya ce "siéntate", kowa ya zauna. Ba a tilasta wa kowa magana sai ya shirya, kamar dai yadda jariri ke jin "zo nan" da "kawo" tun bakinsa bai buɗe ba. Sai dai umarni yakan ƙare, ba za ka shekara kana cewa a tashi a zauna ba. Wannan ne ya sa wajen 1990 wani malamin Sifaniyanci a California, Blaine Ray, ya ɗora labari a kai. Malami da ɗalibai su ke ƙirƙirar labarin tare, galibi na ban dariya, malamin yana ta jefo tambayoyi: wa ya tafi? Ina ya tafi? Shi ne ya tafi ko ƙanwarsa? Kafin a tashi an maimaita kalma guda sau da dama, ba wanda ya yi hamma.

Waƙa fa? Masu bincike a jami'ar Edinburgh sun ba mutum 60 jimlolin harshen Hungary, wasu su faɗa, wasu su rera. A sakamakon da ya fito a 2013, masu rerawa ne suka fi iya maido da jimlolin. Amma a lura, rerawa suka yi da bakinsu. Wanda ya kunna waƙar Sifaniyanci a mota yana kaɗa kai kawai, kiɗa ya sha, ba darasi ba. Haka nan manhajojin waya irin su Duolingo: maki da lambobin yabo na jawo mutum ya dawo kullum, kuma hakan na da kyau, amma a ganina tara maki daban, buɗe baki a gaban mutum daban.

Bahaushe kuwa yana da 'yar riba da ba kowa ya sani ba. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, irin namu. Karkarwar harshe da ke raba "pero", wato amma, da "perro", wato kare, wadda ke wahalar da 'ya'yan Turawan Ingila, muna da irinta. Sa'an nan daga 711 zuwa 1492 Musulmi sun yi mulki a Andalus, suka bar wa harshen dubban kalmomin Larabci, wasunsu mu ma mun ara. "Azúcar" shi ne sukari, "aceituna" zaitun, "hasta" kuma daga hatta ta fito. "Alcalde", magajin gari, asalinsa ɗaya da alƙalinmu. Malami ko uba na iya mai da wannan wasa a kan tabarma: a faɗi kalmar Sifaniyanci, yara su cinko 'yar uwarta ta Hausa, bayan kwana biyu a sake, bayan mako a ƙara, domin bita mai tazara ta fi zama a kai.

Lokaci ya yi mana halinsa, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.